Na Kai Makaɗi Wasan Dogaye a Kano

Tafiyar nan ta ba ni wuya, kuma ba zan sake irinta ba. Tun da na dawo ba ni da sakat a ƙofar masallaci. Mati yaya Kano, Mati wai da gaske ne, Mati faɗa mana da bakinka. Na faɗa har murya ta dishe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa. Jiya na ji wani yana ba da labarin a layin ruwa, har ya sa an harba bindiga a ciki. To ga shi na rubuta da ɗan bokon da na koya a makarantar manya. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in huta.

Wanda bai san ni ba, ni ne Mati, magini ne a nan Birnin Damagaram. Da ƙuruciya na yi kokawa, Turmi ake ce mini, kuma daga Mirriya har Magarya an san bayana bai saba da ƙasa ba. Farin nan ya tsayar da gini cik. Ruwan da za a sha ma sai an yini a layi, balle na kwaɓa ƙasa. Gonarmu ta Garagumsa bara da bana ko irin da aka zuba ba ta mayar ba. Abin da ke riƙe da gidana shi ne buhun da Sanusi ke aikowa daga Kano. In buhun nan ya tsaya, mun tsaya.

Sanusi ɗana ne na uku. Dogo ne, dogon da ya wuce misali, kawunnansa ya biyo. Na so ya yi kokawa, amma dogo siriri iska ma kayar da shi take yi. A bayan lise, babbar makarantar sakandare, ya koyi jefa ƙwallo cikin zobe, da leƙe da roƙo, shi da bai taɓa zama a aji ba. Yaran lise basket suke cewa, mutanen Kano kuma ƙwallon kwando, ko da yake ni ban ga kwando ba. Zoben ƙarfe ne da raga mai huda a gindi. Da yunwa ta matsa ya tafi cin rani. Can wani mutum ya gan shi yana dako a kasuwa, ya dubi tsawonsa, ya kai shi wata babbar masaƙa aka ba shi aiki, don masaƙar tana da ekip ɗinta, wato ƙungiyar ƴan ƙwallo. Mutumin nan shi ne shugaban ƴan wasan, shi ne kuma mai kula da ma'aikatan sashensu, har ya ba Sanusi ɗaki a gidansa. Kyaftin kawai ake ce masa. In ya ce a ajiye yaro an ajiye shi, in ya ce a sallame shi an sallame shi.

Ado direba ne ke kawo mana buhun. Ran nan ya sauke, ya share zufa, ya ce, "Turmi, an zaɓi ɗanka."

"A me?"

"Wasan ƙarshen shekara. Ana tsinto gwanayen dukan ekip-ekip ɗin, a raba su biyu su kara. Rabin Kano zuwa take yi."

Ni abin da na sani guda ne. Ranar babban taro ita ce ranar da mutum ke tashi ko ya faɗi. Na ga ƴan kokawa da attajirai ke ciyarwa, aka kayar da su gaban jama'a, washegari suka je gaisuwa aka ce maigida yana barci. Na ce a raina in aka kunyata yaron nan gaban rabin Kano, masaƙa za ta ce ba ta san shi ba. Kuma wane irin uba ne zai bar ɗansa ya shiga fili babu makaɗi? Mutum ba makaɗi ai rabin mutum ne. Sai na tafi Zango wurin Ɗanjimma, wanda ya yi mini kiɗa tun ina saurayi. Na same shi kwance a inuwa ya rame kamar kara, don shekarar da ba a girbe ba ba a kokawa.

Ya ce, "Wace irin kokawa ce da ba a kama mutum?"

"Ba kokawa ba ce. Ƙwallo ce."

"Ana cin abinci a can?"

"Ana ci."

"To sauko mini da gangar, tana rataye a ɗaki."

Kamiyon Ado, babbar motar kaya, fatu ya ɗauko, fatun shanun da suka mutu, an tula su har sama. A kansu muka zauna. Ba zan kwatanta warin ba. Zan dai ce angulu sun raka mu har Takeita kafin su haƙura. Duk hanya mutane ne ke tafiya kudu a ƙasa, Buzaye da Fulani da manoma, da tukwane a ka da yara a baya. Ado bakinsa ba daɗi amma cikinsa fari ne, duk inda ya ga tsoho sai ya tsaya yana zagi yana cewa a hau. Wani tsohon Bafulatani da muka ɗauka ya zauna kusa da ni, can sai ya ɗora hannu a kan wata fata, ya shafa, ya ce wannan ta garken ƙanensa ce, ya san tambarin. Ya yi ta shafa ta har muka isa Matamaye. Da zai sauka ya ce mini, "Ita dai ta samu mota."

A Matamaye wata mata ta hau da akuya guda, ita ke nan ta rage mata. Ɗanjimma ya yi gyangyaɗi, ya farka ya tarar akuyar ta cinye rabin igiyar rataya ganga. Ya tashi da faɗa. Matar ta ce, "Malam, ka gode Allah ba fatar ta fara ba, yau kwananta nawa ba ta ga kore ba." Muka ɗaure gangar da mazagin wandona na canji.

A iyaka, ɓangarenmu, jandarma ya karɓi kartidantite ɗina, katin shaida, ya duba hoton ya dube ni. Hoton ya koɗe, sai hanci da hula. Ya ce wannan ba ni ba ne. Na ce ni ne lokacin da ake ruwa. Ya yi dariya ya miƙo mini. Ɗan duwan, mai binciken kaya, ya soka ƙarfensa cikin fatu sau ɗaya, wari ya buge shi, ya ce mu tafi mu tafi.

Ɓangaren Najeriya ne muka daɗe. Su can mutanen Faransa suke ce mana, kamar mun taɓa ganin Faransa. Wani ma'aikaci mai tumbi ya ɗauki gangar ya girgiza, ya ce me aka ɓoye a ciki. Ɗanjimma ya ce iska ce, ranka ya daɗe, amma in ka faɗa mini sunanka da na mahaifinka da garinku zan fito maka da ita ka gani. Mutumin ya faɗa. Ɗanjimma ya saɓa ganga. Kafin ka ce me, mutumin nan ya ɗaga sandarsa sama yana taka rawa, ya kira abokan aikinsa, kowa na faɗin sunan ubansa. Sun ciyar da mu shinkafa da mai, amma sai da rana ta karkata suka sake mu. Ado ya zage mu tun daga nan har Daura. Ni kuwa na ce a raina, ka gani, ganga ba ta da ƙasa, ko'ina ta je gida ne. Da wannan tunanin na shiga Kano.

A Daura na fara cin burodinsu. Namu dogo ne mai tauri, kana ci kana jin ka yi aiki. Nasu kamar auduga, ga sukari, ka matse shi a hannu ya koma ƙwallon goro. Ɗanjimma kuma ya ga garin rogo da araha, ya yi ta zubawa a baki gayansa, ya bi da ruwa kwano guda. Ba wanda ya gaya masa kumbura yake yi. Kusa da Kazaure taya ta fashe, kuma wannan ce kaɗai fashewar taya da na taɓa ganin an yi wa godiya, don Ɗanjimma ya ɓace cikin daji har aka gama gyara.

A Kano mun sauka a Fagge, gidan wani Alhaji mutumin Damagaram da ke saukar da ƴan ƙasarmu. Ɗaki guda, mutum a kan mutum, kowa da irin minsharinsa. Abin da ya tsayar da ni a gidan nan famfo ne. Ka murɗa, ruwa ya zo. Ka rufe, ka sake murɗawa, ya sake zuwa. Na ga wani yana wanke keke da shi, ruwan sha garau yana bin lambatu, wallahi sai da na sa hannuwana a aljihu don kada in mare shi. Gaisuwarsu gajera ce, kana tambayar iyali mutum ya riga ya kai kwana. Suna tafiya suna cin abinci. Amma ba rowa, wannan ba zan yi musu ƙarya ba.

Bayan la'asar Sanusi ya zo. Sai da ya sunkuya ya shigo ƙofa. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, na ji daɗi amma ban nuna ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi mahaifiyarsa da ƙannensa, sannan idonsa ya faɗa kan gangar.

"Baba, ganga ta mece ce?"

"Ta rakiya ce."

"Baba, don Allah. Wasan nishaɗi ne. Ba wanda ya damu da wanda ya ci. Kyaftin ma a ɗaya ɓangaren yake."

"Maigidanka ne zai kara da kai?"

"Haka aka raba mu. Gobe kawai ne, jibi mu koma ekip ɗaya."

Na ɗauka kunya ce irin ta yara. Ni ma a shekarunsa in za a yi babban wasa cewa nake ba komai ba ne, alhali tsoro nake ji. Da ya tafi Ɗanjimma ya ce, "Kyaftin ɗin nan Bakano ne?"

"A Kano yake, Ado ya ce Hausar Kano yake yi tsantsa. Me zai zama?"

"To an gama. Abokin wasa ne."

Ku kun san wannan, amma saboda yaran yanzu zan faɗa. Tsakanin Badamagare da Bakano akwai wasa tun yaƙe-yaƙen kakanni. Ka gaya masa duk abin da ya zo bakinka, shi ma ya rama, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Da wannan muka kwanta hankali kwance.

Ranar Lahadi da yamma aka yi wasan. Filin siminti ne, da bencina hawa-hawa kewaye, mata da maza a cakuɗe kowa ya zauna inda ya samu. Muka sami wuri a gaba, kusa da wani tsoho gajere mai kaurin wuya, da sandar dogarawa a tsakanin ƙafafunsa. Duk wanda ya wuce sai ya ce barka Saja. Hausarsa irin ta bariki ce. Ya ga muna ta dube-dube ya gane baƙi ne, ya ba mu goro, ya shiga ba mu labari ba mu tambaya ba.

Ya ce shi yana cikin waɗanda suka fara wasan nan. Da can sojoji na da ekip, ƴan sanda na da ekip, ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni kowa da tasa, kuma wasan ƙarshe kowace shekara da faɗa ake tashi. Wata shekara aka karya wa wani hannu, aka kakkarya bencina, aka yi watanni sojoji da ƴan jirgi ba sa gaisawa. Sai manya suka zauna suka ce in an gama gasa a ware rana guda, a tsinto gwanaye a cakuɗa su, wanda ka yi shekara kana gwabzawa da shi ya zama shi za ka miƙa wa ƙwallo.

"A filin ƙasa muka fara," in ji shi. "Zoben ma wani maƙeri ya lanƙwasa mana, muka kafa a jikin itace. Karon farko ba wanda ya yarda ya miƙa wa ɗan wata ekip. Kowa ya samu sai ya ruga shi kaɗai kamar ɓarawon kaza. Ka ga yatsan nan? Ɗan ɓangarenmu ne ya karya shi, wurin ƙwace ƙwallo a hannuna." Ya ce a hankali aka saba. Lokacin yaƙin basasa aka daina, bayan yaƙi aka dawo da shi, yanzu har daga wasu garuruwa ake kawo gwanaye. "Yau dariya ake zuwa yi. Ba duka, ba zagi, kowa ya nuna abin da ya iya a tafa masa."

Na ce, "To in ba wanda ya damu da ci, me ya sa ake ƙirgawa?"

Ya ce, "Kai dai ka kalla."

Suka fito, dogaye kamar an tara giginyoyi, da ƴan gajerun wanduna. Ɓangaren Sanusi fararen riguna, ɗaya ɓangaren jajaye. Na gane Kyaftin tun kafin a nuna mini, baƙi ne mai faɗin ƙirji, wanda da a nan aka haife shi da kokawa zai yi. Alƙalin wasa ya hura usur aka fara.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutum ya taho da ƙwallo, wanda ya kamata ya tare shi ya matsa gefe kamar ya buɗe wa surukinsa ƙofa. Wani ya juya baya ya jefa, ta shiga, abokan gabarsa suka tafa masa. Wani ya ɗaga ɗan'uwansa sama ya sa ƙwallon da hannu. Jama'a na ta shewa. Na daure. Can Kyaftin ya taho, Sanusi ya tsaya gabansa ya ware ƙafafu, sai Kyaftin ya bi da ƙwallon ta tsakanin ƙafafun yaron, ya zagaya ya kama ta ta baya, ya jefa. Filin nan gaba ɗaya ya tuntsire da dariya. Sanusi ma dariya yake yi. Ni kuwa ban ga komai ba sai ɗana a tsaye ƙafafu a ware, rabin Kano na yi masa dariya. Na mintsini Ɗanjimma. Ya miƙe.

Farko ya yi kyau, wannan kowa ya shaida. Ganga ta ɗauka, mutane suka juyo. Ɗanjimma ya ce dogo ɗan Turmi, giginyar Damagaram, kai ke shafa kan gajimare ka tambaye shi ina ruwanmu. Jama'a suka yi ihu, mata suka yi guɗa, Saja ma yana kaɗa kai yana buga sanda a ƙasa. Sanusi ya dube ni sau ɗaya, kallon roƙo, na ɗauke kai. Ya karɓi ƙwallo ya jefa daga nesa ta shiga. Na ce ka ga aikin ganga.

Amma makaɗin kokawa ba ya tsayawa a yabo. In ya ɗaga nasa sai ya sauke na wancan, haka aikin yake. Ɗanjimma ya matsa bakin fili ya nuna Kyaftin da sandar kiɗa. Ya ce kai Bakano mai ƙafar taɓarya, mai auna wa baƙo tuwo da cokali. Kanawan da ke wurin suka fashe da dariya, wasu na ramawa, suna cewa Badamagare ya ƙoshi da garin rogo ya sami baki. Daɗi ya kama Ɗanjimma. Ya ce kakanka ya ji igwar Damagaram ya shige rumbu ya ja murfi, ubanka ya gudu ya bar wandonsa a jikin ƙaya.

Na lura Kyaftin ya daina dariya. Sai na ji an taɓa kafaɗata da sanda. Saja ne ya miƙe tsaye.

"Ni ne uban," in ji shi. "Ina na gudu?"

Na ce, "Saja, ai wasa ne, tsakaninmu da Kanawa."

"Sunana Filibus. Bacama ne ni, daga Numan. Abin da ya haɗa ni da Kano kuɗin haya ne. Wancan ɗana ne Bitrus, ga uwarsa can, ga ƴan cocinmu benci biyu. Wane wasa ne tsakanina da kai?"

Babu. Na lalubi duk abin da na sani, babu wasa tsakaninmu da mutanen Numan. Zagi ne kawai, tsirara, da ganga, gaban matar mutum. Na yi tsalle na fizge sandar daga hannun Ɗanjimma, amma an riga an ji.

Daga nan wasa ya zama abin da na zo nema, kuma ban ji daɗinsa ba. Kyaftin ya manne wa Sanusi kamar kaska. Duk ƙwallon da yaron ya ɗaga sai ya doke ta har cikin jama'a. Fararen riguna suka ji haushi suka fara turi, jajaye suka rama, usur ba ta huta ba. Sanusi ya sha ƙasa a kan siminti har gwiwarsa ta fashe, ya tashi ya ci gaba, bai rama ba ko sau ɗaya. An cinye su Sanusi. Ƴan kallo na fita suna cewa an daɗe ba a ga wasa mai zafi haka ba, masu shirya wasan kuwa kallon da suke mana ba na alheri ba ne.

Sanusi ya zo yana ɗingishi, jini na bin ƙwabrinsa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Baba, Kyaftin ya ce in kwashe kayana yau. Zancen aiki kuma wai sai ya yi tunani."

Na cire hula na durƙusa gaban tsohon nan. Na ce Saja, ni na kawo makaɗin, ni na sa shi, yaron bai san komai ba, har roƙona ya yi. A yi haƙuri.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Haƙuri a baki? An zage ni da ganga, za a ba ni haƙuri da raɗa? A garinmu in makaɗi ya kira uban mutum, fili ake shiga. Na ji ana ce maka Turmi. Ɗan kokawa ne kai?"

"Da can."

"Ni ma da can. Tashi."

"Saja, ka girme ni."

"Na girme ka. Shi ya sa ba zan daɗe ba."

Bayan filin akwai wani wuri mai rairayi. Waɗanda ba su tafi ba suka yi da'ira. Kyaftin ya biyo mu yana cewa, "Baba don Allah, gwiwarka, likita ya ce me?" Tsohon ya ce, "Yi mini shiru, Bitrus." Ya miƙa wa matarsa sanda, ya cire riga. Matar ta karɓa, da gani ba yau ta fara riƙe masa sanda ba. Ni ma na tuɓe na ɗaure wando.

Dabarata mai sauƙi ce. In riƙe shi ɗan lokaci don kada a ce ba a yi komai ba, in ɗan yi nishi, sannan in kwanta masa. Ai yanzun nan na ga yadda dogaye ke buɗe wa juna ƙofa. Muka sunkuya, muka kama. Hannunsa kamar ƙarfen kamiyo. Sai ya sa baki a kunnena ya ce, "In ka ba ni da gangan zan sani, kuma yaron ya bar gidan yau."

To ka ji. In na kayar da shi, na zagi mutum na kuma kwantar da shi gaban matarsa da ƴan cocinsu. In na ba shi, ya ce zai sani. Na shiga lissafi, ko in kai shi gwiwa ɗaya in sake, ko in ja abin har a raba mu. Ina cikin wannan lissafin tsohon nan ya nutse ƙasa, ya shigo ta ƙarƙashin hammatata, wani irin kamu da ba mu yi a Damagaram. Na ga sama. Na ga ƙafafuna a cikinta. Sannan bayana ya gaisa da ƙasar Kano, gaisuwa mai kyau.

Masu cewa a ƙofar masallaci wai ba shi na yi saboda yaro, na gode da kara, amma ba haka aka yi ba. Niyya dai na yi, bai jira na gama shawara ba. Da ba ni da buhu a cikin kai da wata magana ce, wannan kuma ba zan fasa faɗa ba.

Ya miƙo hannu ya tashe ni, ya kakkaɓe mini baya da kansa. Yana haki ya juya wurin Ɗanjimma ya ce, "Kai mai baki. A ba shi sandarsa. Yanzu kaɗa mini." Ɗanjimma kuwa ko kunya babu, ya tambayi sunan uban Saja da garinsu, ya ɗauko taken da ya yi shekaru yana yi mini, nawa na kaina, ya cire Turmi ya sa Filibus. Tsohon ya ɗaga hannuwa yana zagaya fili da ɗingishi, ƴan coci na tafi. Kyaftin ya daure, ya daure, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa.

Gidansu suka tafi da mu. Matar Saja ta yi tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ta gasa mini baya da ruwan zafi tana yi wa mijinta faɗa da yarensu. Shi kuma yana ci yana tambayata wa ya koya mini tsayuwa da ƙafafu a kusa haka. Na ce a Damagaram haka ake yi. Ya ce shi ya sa. Ba wanda ya tada zancen kayan Sanusi, ni ma ban tambaya ba. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure.

Washegari na yi sallar asuba a zaune. Gari na wayewa na ji an tada babur a tsakar gida. Kyaftin ya turo shi waje, Sanusi ya naɗe kansa ya hau baya, gwiwoyinsa kusa da kunnuwansa, da kwanon abincin rana a hannu. Kyaftin ya ce, "Sannu da jiki, Baba," suka wuce masaƙa. Na jira har ƙarar babur ta ɓace. Sannan na karɓi sandar kiɗa daga hannun Ɗanjimma na soka a aljihuna, na ce ya ɗauki gangarsa ya bi ni a hankali, muka tafi tasha neman Ado.